Daga ina bara-gurbi yake fitowa? Fashin baƙi kan kwancin kaza da ƙyanƙyasa

Kalmar bara-gurbi ta daɗe da barin akurki ta koma bakin 'yan siyasa da 'yan jarida. Yau a ce akwai bara-gurbi a cikin ma'aikata, gobe a ce za a tsamo bara-gurbi daga cikin jami'an tsaro, har wasu yaran birni ba su san asalin abin ƙwai ne ba. Shi ne ƙwan da kaza ta kwanta a kansa mako uku cur, ta tashi da 'ya'yanta ta bar shi a gurbi bai ƙyanƙyashe ba. Duk wanda ya taɓa kiwon kaji a bayan ɗaki ya san warinsa.

Shekara biyu da suka wuce, cikin watan Afrilu, na tara wa wata baƙar kazata ƙwai 14. Ta yi kwancinta yadda ya kamata, amma ranar ƙyanƙyasa 'yan tsaki 4 kacal ta fito da su. Na tsaya a bakin akurki ina faɗa, ina cewa wannan kaza ta tukunya ce, Sallah kawai nake jira. Goggota, wadda ta fi shekara 50 tana kiwon kaji, ta leƙa gurbin, ta ɗauki ƙwai ɗaya ta girgiza a kusa da kunnenta, ta ce, "Kai ɗan nan, ina ka ajiye ƙwan nan kafin ka sa mata?" Na ce a cikin roba, a ɗakin girki. Ta ɗaga kai ta dubi rufin kwanon ɗakin, ta ce, "To ai kai ka dafa mata shi. Ita me ta yi?"

Tun daga ranar na shiga bin diddigin lamarin, na kuma gano cewa yawancin bara-gurbi an riga an haife shi tun kafin kaza ta kwanta. Ita idan an bar ta da aikinta, da wuya ta yi kuskure.

Kwanci sauyi ne da yake faruwa a jikin kaza. Idan ta tara ƙwai a gurbi tana jin su a ƙirjinta kullum, wani sinadari da masana suke kira furolaktin yakan ƙaru a jininta. Shi ne dai sinadarin da yake kawo ruwan nono ga mai jego da saniya mai ɗan maraƙi. Da ya hau, sai kaza ta daina saka ƙwai, cin abincinta ya ragu, gashin ƙirjinta ya zube ko ta fige shi da bakinta, domin fatarta ta riƙa taɓa ƙwan kai tsaye. Zafin jikinta yana kusa da digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, ɗan tayin da yake cikin ƙwai kuwa abin da yake so bai wuce 37.5 zuwa 38 ba, kuma ba tare da wani ma'auni ba lissafin yake fita daidai.

Alamun ba sa ɓuya. Kazar da ta saba hawa katanga da magariba sai ka ga ta kwana a gurbi. Ta baje kamar faifai, idan ka miƙa hannu ta tayar da gashi, ta yi maka gurnani, ta kai sara. Sai dai sagarar da ta fara yau ba a yarda da ita nan take, wata takan yi kwana biyu ta tashi abinta. Gara a bar mata ƙwai biyu ko uku da ba a damu da su ba, a ga ta yi dare uku a kansu, sannan a sa mata na gaske, kuma da daddare, lokacin da ba ta gani sosai balle ta yi gardama.

Ba kowace kaza ce take kwanci ba. Kajin gidan gona masu ƙwai, an yi shekara da shekaru ana tace su ana fitar da masu wannan hali, don a wurin mai gona kazar da ta kwanta ta daina aiki ke nan. Shi ya sa suke iya kai ƙwai kusan 300 a shekara, amma ka tara musu ƙwai a gaba su tsallake su wuce. Shika Brown, wadda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta samar, don ƙwai aka yi ta. Noiler da ta cika gidaje yanzu ita ma ba a cika dogara da ita wajen kwanci ba. Kazar Hausa kuwa ƙwanta na shekara bai cika wuce 40 zuwa 60 ba, a zubi uku ko huɗu, saboda sauran kwanakinta a kwanci da reno suke tafiya. Wanda ya sayar da kajin Hausarsa kaf ya cika gida da na zamani, injin ƙyanƙyasarsa ya sayar bai sani ba, injin da ba ruwansa da ɗaukewar wuta ko tsadar fetur.

Ga inda abin yake da ban mamaki, kuma nan ne ni na faɗi. Kaza tana bukatar wajen awa 25 kafin ta haɗa ƙwai ɗaya, kazar Hausa ma takan tsallake rana. Ke nan kafin ta tara 12 an yi mako biyu ko fiye. Amma ranar ƙyanƙyasa, na farko da na ƙarshe duk a yini ɗaya ko biyu suke fitowa. Dalili kuwa, ƙwan da yake da zakara, da zarar ya fito daga jikin kaza ya huce, ɗan ɗigon halittar da yake kan gwaiduwa sai ya tsaya cak kamar mai barci. Ba ya ci gaba sai ya sake jin ɗumi. Ranar da kaza ta kwanta, ranar ce ƙidayar kwana 21 take farawa ga dukkansu tare.

Wannan barcin sai da sanyi-sanyi yake yiwuwa. Manyan wuraren ƙyanƙyasa suna ajiye ƙwai a tsakanin digiri 13 zuwa 18, kuma ba sa son ya wuce mako guda, don daga nan kullum ƙarfinsa raguwa yake yi. To ka kawo wannan Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, inda zafi yake haura 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya koma tanda. A irin wannan yanayi ɗan tayin bai samu barci ba, bai kuma samu girma na ƙwarai ba. Da rana ya farka ya fara, da asuba ya tsaya, gobe ya sake. Kwana 10 a haka sun ishe shi ya galabaita. Kaza za ta kwanta a kansa da zuciya ɗaya, shi kuwa ya mutu a kwana na uku ko na huɗu. Abin da Goggo take nufi da dafawa ke nan.

Maganin yana cikin gida. A riƙa kwashe ƙwan kullum ana barin ɗaya a gurbi don kada kazar ta sauya wuri, a rubuta kwanan wata a jikin kowanne da fensir, a jera su a tukunyar ƙasa a kan yashi, tsinin yana ƙasa, a ajiye a gindin randa. Wanda ya san tukunya-cikin-tukunya, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, ya san sauran: babbar tukunya, ƙarama a ciki, jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Don kayan miya aka yi ta, amma albarkacin kaza ƙadangare yake shan ruwan kasko. Firji kuwa a'a, sanyinsa ya yi yawa. Idan lokacin kwanci ya zo, a zaɓi na kwana 7 na ƙarshe a sa mata, tsofaffin a soya wa yara. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, balle ƙwan da ba zai taɓa zama kaza ba.

Sai zakara. Ƙwan kiret na kasuwa, wanda ya fito daga gonar da kaji suke cikin keji babu zakara ko ɗaya, ko shekara kaza za ta yi a kansa ba abin da zai fito, kuma na sha ganin masu sabon kiwo sun yi wannan asarar. A gida zakara ɗaya lafiyayye ya ishi kaji 8 zuwa 10, barbara ɗaya ma takan wadatar da kaza fiye da mako guda. Wanda ba a cika lura da shi ba shi ne zakaran da ya tsufa, ko wanda ya shekara uku yana bin 'ya'yansa da jikokinsa. Jini idan ya yi kusa da yawa ƙyanƙyasa takan ragu, 'yan tsakin su fito raunana. Musayar zakara da wani gida a wata unguwa ba ta cin ko sisi. Ƙwan da za a sa kuma ya zama matsakaici, mara tsaga, kada a wanke shi. Ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi dubbai da ɗan tsako yake shaƙar iska ta cikinsu, da wani siririn rufi a kai mai tare ƙwayoyin cuta. Ruwa yana wanke rufin ya tura datti ciki.

Laifina na biyu a waccan shekara haɗama ce. Ƙwai 14 sun fi ƙarfin ƙaramar kaza. Mutum yakan ɗauka idan ƙwai biyu suka leƙo waje, biyun kawai zai rasa. Ina! Kaza tana juya ƙwanta sau da yawa a yini, tana jawo na gefe tsakiya, tana tura na tsakiya gefe, don kada ɗan tayin ya manne da ɓawo, kowa kuma ya sami rabonsa na ɗumi. Idan sun fi ƙarfin fikafikanta, kowane ƙwai sai ya yi nasa zaman a waje, a tashi da raunana gaba ɗaya. Ƙaramar kazar Hausa 8 zuwa 10 sun ishe ta, babba irin ta Fulani ta ɗauki 12, da hunturu a rage. Idan ta kwanta ta natsu ka zagaya ta, in ka hango ƙwai ta wani gefe, ka cire.

Akwai kuma 'yan kutse. Kaji suna son saka ƙwai inda suka ga ƙwai, don haka da mai kwanci ta fita shan ruwa sai wata ta haye gurbin ta ƙara nata. Bayan kwana 10 ka tarar da ƙwai 17 masu kwanaki daban-daban. Ranar da na farko suka fito, uwar za ta jira kwana ɗaya ko biyu, sannan yunwar 'ya'yanta ta tashe ta, ta bar sauran da rai a cikinsu su huce su mutu. Wannan bara-gurbin ya fi kowanne ciwo, don ba abin da ya same shi sai makara. A zagaye kowane ƙwai da layin fensir ko gawayi ranar da aka sa shi, duk wanda aka gani babu layi a ɗauke. In za a ware mata wuri nata, a yi ƙaurar da dare tun kafin a sa ƙwan gaske, don wata kazar gurbinta ta sani fiye da ƙwanta: ka matsar da ita da rana, ta koma tsohon wurin ta kwanta a kan ƙasa.

Iyayenmu da suke yin gurbi a ƙasa, cikin fasasshiyar tukunya ko ɗan rami da yashi da ƙaiƙayi, sun san abin da suke yi. Ƙwai yana rasa ruwa a hankali ta waɗancan ƙofofi, wajen kashi 12 ko 13 cikin 100 na nauyinsa kafin ƙyanƙyasa, kuma wannan ragin ne yake faɗaɗa ɗakin iska a ɓangarensa mai faɗi. A tsakiyar hunturu, lokacin da leɓe ma yake tsagewa, ruwan yakan tafi fiye da kima, fatar cikin ƙwan ta bushe ta naɗe ɗan tsakon kamar leda, ya huda ɓawo amma ya kasa juyawa. Ƙasa mai ɗan danshi a ƙarƙashin shimfiɗa tana rage wannan, kuma a makon ƙarshe ana iya yayyafa ruwa kaɗan kewaye da gurbin, ba a kan ƙwan ba. Da damina akasin haka ake tsoro, sai a ɗaga gurbin daga hanyar ruwa.

Fitar da take yi sau ɗaya a rana kada ta tayar wa kowa hankali. Za ta sauko a kumbure, ta yi wani ƙaton kashi mai wari da ta tara tun jiya, ta ci, ta sha, ta yi birgima, ta koma cikin minti 20 ko 30, da zafi ma ta fi haka, ƙwan ba ya komai. Amma idan kaza mai kirki ta tashi gaba ɗaya a mako na biyu ba gaira ba dalili, kafin ka zage ta ka sa hannu a shimfiɗar. Sau da yawa za ka ga ƙuma tana bin hannunka. Kazar da take zaune wuri ɗaya dare da rana liyafa ce ga ƙuma da ƙwarƙwata da kaskar kaji, masu ɓuya a tsagar bango da rana su fito shan jini da dare. Kowane kwanci da sabuwar shimfiɗarsa, tsohuwar a ƙone ta. A barbaɗa toka a ƙasan gurbi, a sa busasshen ganyen darbejiya, in abin ya yi yawa a nemi hodar da aka yi don kaji a wurin masu maganin dabbobi. Fiya-fiya da maganin feshin gona ba na jikin kaza ba ne, kuma ƙwai yana shaƙar abin da aka fesa.

A dare na 7 ko na 8 ne nake yin abin da na fi so a duk harkar. Bayan isha'i, idan gida ya yi tsit, sai in tsuguna a bakin akurki, in zaro ƙwai ɗaya daga ƙarƙashinta tana gurnani, in dunƙule hannu a kan fitilar waya in ɗora ɓangaren mai faɗi a kai. Ƙwan sai ya kama haske kamar garwashi. Idan da rai, za ka ga jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, da wani baƙin ɗigo wanda shi ne ido, wani lokacin har ya yi ɗan motsi. Zuciyarsa ta riga ta fara bugawa tun kwana na biyu. Idan ƙwan ya fito tas, sai inuwar gwaiduwa kawai, to babu zakara a cikinsa, ko ya mutu tun bai fara ba. Idan kuwa jan zobe ne ya zagaye ciki babu jijiyoyi, an fara an tsaya. Masu sayen ƙwan zabi a tasha da suke ɗaga shi ga rana suna kanne ido ɗaya, ilimin ɗaya ne. Wanda ka yi shakka a kansa ka yi masa alama ka mayar, ka sake dubawa a kwana na 14. Wanda ya tabbata matacce a fitar da shi, domin ruɓaɓɓen ƙwai yakan tara iska ya fashe ya ɓata masu rai.

Daga kwana na 18 a ɗauke hannu. A lokacin ɗan tsakon ya cika ƙwan, ya kai kansa ɓangaren ɗakin iska, yana janye sauran gwaiduwa zuwa cikin cikinsa. Wajen kwana na 19 zuwa 20 sai ya huda fatar ciki ya shaƙi iska da huhunsa karo na farko. Idan ka kasa kunne za ka ji siririn kukansa daga cikin ƙwan da bai fashe ba, uwar tana amsa masa ƙasa-ƙasa. Sannan ya buga ɓawo da wani ɗan ƙaho da yake kan bakinsa, ya yi ƙaramar huda, ya kwanta ya huta. Hutun nan yana iya kai awa 12, har 24, kuma a nan ne masu tausayi suke kisa. Mutum ya ga baki yana motsi ta huda, ya ce bari in taimaka, ya ɓare ɓawon, alhali jijiyoyin da suke jikin fatar ba su gama janye jininsu ba, cibiya ba ta rufe ba. Sai jini, sai gawa. Yawan ɗaga kaza don a ƙirga nawa suka fito shi ma yana sakin ɗumi da danshin da ta tara. Gwaiduwar da ɗan tsako ya janye tana riƙe shi kwana biyu zuwa uku ba ci ba sha, don haka babu gaggawar komai.

Hankaka aka yi wa kirari da mai da ɗan wani naka, amma a gidan Bahaushe kaza ce take wannan aiki. Zabuwa da damina take saka ƙwai, a cikin ciyawa, kuma ba a yabonta da reno: za ta ja 'ya'yanta cikin raɓa tun da asuba, su jiƙe su mutu. Shi ya sa tun kaka da kakanni ake ba kaza ƙwan zabi. Sai dai kwanakin ba ɗaya ba ne. Na kaza 21, na zabi 26 zuwa 28, na talo-talo 28, agwagwar da muka fi sani a gidajenmu kuwa sai ta kai 35, wanda zalunci ne a ɗora wa ƙaramar kaza tun da agwagwar da kanta gwanar kwanci ce. Mai son haɗa na zabi da na kaza a gurbi ɗaya sai ya fara sa na zabin, bayan mako guda ya ƙara na kazar, su fito tare. Ƙwan zabin da aka tsoma a ruwa a kasuwa don gwaji, ko ya sha rana a tire, na ci ne. Na kwanci a gidan mai zabi ake sayensa.

Ranar da ta fito da su tsakar gida ana murna, amma da sauran rina a kaba. Masu binciken kiwon kaji a ƙauyukan Afirka sun daɗe suna nuna cewa kaza takan ƙyanƙyashe wajen 8 cikin 10 na ƙwanta, sannan a rasa rabin 'yan tsakin ko fiye kafin su cika wata biyu. Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, amma tsoron bai hana shirwa ɗauka. Ga shaho, ga muzuru, ga gafiya da dare, ga kaskon ruwa mai zurfi. Wasu suna shafa musu jan launi wai don shirwa ta ruɗe. Ni dai na fi yarda da kwando. A kife uwa da 'ya'ya a inuwa makonni uku ko huɗu na farko, ana matsar da kwandon sabon wuri kullum, ruwa a faranti mara zurfi da tsakuwoyi a ciki. Tsakin gero da dusa suna cika ciki amma ba su isa gina jiki ba, kuma tun da ka hana uwar tonon ƙwari, kai ne za ka kawo. Dabarar gara tana nan: tsohuwar tukunya a cusa mata karmami da busasshen kashin shanu, a yayyafa ruwa, a kife a bakin shuri da yamma, da safe a zazzage musu. Dafaffen ƙwai da aka marmasa, garin busasshen kifi, ko kwano ɗaya na abincin 'yan tsaki na kanti, duk suna yi.

Sai annobar da take share akurki da hunturu, wadda likitocin dabbobi suke kira Niyukasil: kaza ta yi zugum, ta saki fikafikai kamar ta yafa riga, kashi kore, wuya ya murɗe. Kafso ja-da-rawaya da ake jiƙa musu ba ya taɓa ta, sai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin sa, har da nau'in I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗiga wa kaza a ido a maimaita duk bayan wata huɗu. Uwar da aka yi wa kafin ta fara saka ƙwai tana ba 'ya'yanta kariyar makonnin farko ta cikin gwaiduwa. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma idan an haɗa ta ba ta kwana, don haka maƙwabta su haɗa kuɗi a yi rana ɗaya. Kajin unguwa dama tare suke kiwo, tare suke mutuwa.

Waccan ranar ta Afrilu, Goggo ba ta bar ni na zubar da ƙwai 10 ɗin nan haka ba. Ta sa na kwashe su a tsohon kwano muka zagaya bayan katanga, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ce in riƙa fasawa ɗaya-ɗaya da sanda daga nesa. Biyu gwaiduwa ce zalla, ba alamar komai. Shida sun zama ruwa da ɗan jan zare a ciki, waɗanda suka fara suka tsaya tun makon farko. Biyun ƙarshe cikakkun 'yan tsaki ne da gashinsu, a naɗe, ba su kai ga huda ba, irin na ƙwan da ya sha zaman gefe. Ta ce, "To ka gani. Biyu na zakara, shida na ɗakin girkinka, biyu na haɗamarka. Nata fa?" Ban amsa ba.

Sallah ta zo, aka yanka tsohon zakaran. Baƙar kazar tana nan. A daminar bara na sa mata ƙwan zabi 12 ta fito da 11, tana yawo da su a tsakar gida tana kiransu da yaren da ba nasu ba, suna binta.